Kwalbar da Ban Kai Ba

Maigidana tela ne, kuma shi ya laƙaba mini suna Sito, wai don ba na jefar da komai. Murfin tukunyar da ta fashe, takalmi wari ɗaya, katin rigakafin yaran da yanzu suke da nasu yaran, duk suna nan. Ban taɓa musa sunan ba.

Ciwon ya fara da haki. Mutumin da yake yini yana taka keken ɗinki ya koma matakala uku ma sai ya dafa bango. Ƙafafunsa suka kumbura. Ran da ya yanke jiki ya faɗi a shago da almakashi a hannu, muka kai shi babban asibiti.

Aka kwantar da shi ta gefen hagu, aka shafa masa wani abu mai yauƙi a ƙirji, aka ɗauki hoton zuciya. Likitar, wata doguwa mai gilashi wadda ba ta san kwana-kwana ba, ta nuna mana hoton da bakin biro.

"Wannan ƙari ne a cikin zuciya. Shi yake tare hanyar jini."

"Zuciya ma tana yin ƙari?" in ji maigida.

"Ba kasafai ba. Iri biyu ne. Akwai wanda a nan ya tsiro, yawancinsa ba ciwon daji ba ne, a yi aiki a cire ka koma kan kekenka. Akwai kuma dajin da ya taso daga wani wuri a jiki ya yaɗu zuwa nan. Shi wuƙa ba ta raba ka da shi, sai magani, kuma sai mun san asalinsa."

Suka duba huhu, suka duba ciki, suka ɗebi jini, ba su ga daji a ko'ina ba, suka ce da alama a nan ya tsiro. Aka sa aiki ranar Alhamis. Maigida baki har kunne. Daga kwance yake auna ma'aikatan jinya da ido, yana yi wa kowacce alkawarin riga.

Ranar Laraba da safe likitar ta zo zagaye. Ita al'adarta ce, ba ta tura mutum ɗakin tiyata sai ta duba shi daga ka har tafin ƙafa. Ta zare masa safa, ta tsaya a kan wani tabo a diddigensa.

"Wannan fa?"

"Wani baƙin abu ne ya fito shekara uku da suka wuce. Yana damuna a kan keke, aka yanke shi a asibitin unguwarmu."

"An gwada abin da aka yanke?"

"An gwada. Matata ce ta kai. Aka ce ba komai."

Likitar ta juyo gare ni. "Mama, takardar sakamakon tana nan?"

Maigida ya yi dariya har da tari. "Likita, ai Sito ce. Ko takardar haihuwar kakanta kika nema za ta kawo miki."

Na ce bari in je gida in duba.

Babu wata takarda. A wancan asibitin, in an yanke abu sai a saka shi a 'yar kwalba da ruwan magani, a ba dangi su kai ɗakin gwaji a can cikin gari. Ni aka ba. Ina tashar mota aka kira ni 'yarmu tana naƙuda, na juya. Kwalba ta kwana a jaka, daga jaka ta hau saman kabad. Kullum in ce gobe. Ciwo ya warke sumul, mutum ya koma aikinsa. Da ya tambaye ni wata rana yana cin abinci, kunya ta hana ni faɗin gaskiya, na ce an ce ba komai.

Da na isa gida na taka kujera na lalubo kwalbar a bayan akwati, ƙura ta lulluɓe ta. Na daɗe a tsaye a kan kujerar nan. In na ce takarda ta ɓata, ba mai ƙaryata ni, gobe a yi aikin da ya ɗora ransa a kai. Amma tsaga masa ƙirji za a yi, wataƙila a banza, kuma da hakin nan ban tabbata zai tashi ba. Tsoro ya kama ni, ta kowane ɓangare.

Na koma asibiti, na ajiye kwalbar a kan ɗan teburin gefen gadonsa, kusa da kofin ruwa. Sunansa yana jiki, tawadar ta kusa gogewa.

Likitar ta ɗaga ta, ta duba. Ba ta yi mini faɗa ba, ni kuwa da ta yi da na fi samun sauƙi.

"Za mu gwada. Aikin gobe an ɗaga sai sakamako ya fito."

Maigida ya kalli kwalbar, ya kalle ni, ya miƙa hannu ya jawo safarsa ya mayar.

Bayan kwana goma sakamako ya fito. Dajin fata ne, shi ya bi jini ya kai zuciya. Aka soke aikin. Yanzu duk sati uku nake raka shi a ɗaura masa magani ta jijiya, in riƙe masa jaka, in gyara masa matashi. Hakin ya ɗan ragu, har yakan zauna a shago ya yanka yadi.

Bai taɓa tayar da maganar ba, ko ga yara. In na kawo masa abinci yakan ce sannu, an gode. Sai dai tun ranar Larabar nan bai ƙara kirana Sito ba. Da sunana yake kirana.