Tumakin Kaka a Filin Kwaleji

Shekarar da aljihun kwaleji ya bushe, wasanni aka fara yi wa aski. Aka sallami mai yankan ciyawa, injin ma aka kulle shi a sito don babu mai. Shugaban kwaleji ya kira Koci, ya faɗa masa ba ɓoye-ɓoye: ranar Asabar mai duba filaye zai zo daga hukumar gasa. In ya ce fili bai yi ba, za a cire ƙungiyar, in kuwa aka cire ta, ƙwallo ta ƙare a kwalejin.

Ga damina ta yi albarka, ciyawa har gwiwa. In ka buga ƙwallo sai ka bi ta da cigiya. 'Yan wasa suka gwada lauje, hannuwa suka yi bororo, ko kusurwa guda ba su share ba.

Da abin ya ishi Koci, sai ya nufi gidan kakarsa, mai garken tumaki a bayan gida.

"A'a, angona! Yau cefane ka kawo?"

"Ke tsohuwa, wa zai kwashe ki? Aron tumaki na zo."

"Su buga maka ƙwallon? Ai gara su, na ji yaranka ko raga ba sa gani."

Ta ba shi, amma fa ta ce ƙafarta ƙafar dabbobinta. Haka ta zo da lemarta, ta hakimce a bencin Koci tana ba da umarni.

"Kai mai tsaron gida, tare ta can! Tunkiya ta wuce ka, ina ga ƙwallo?"

Ɗalibai suka cika bakin fili suna shewa. Rago ya kori kyaftin har bayan ɗakin karatu, Koci ya ce bai taɓa ganin yaron ya yi gudu irin wannan ba. Kafin Juma'a fili ya yi tas kamar wanzami ya bi ta kai. Aka share kashin tumaki, aka ja layi da farar ƙasa.

Safiyar Asabar sai ga ta'asa. Wata akuya da ta biyo garken ba gayyata ta tauna raga, ta bar ƙofar da ƙato zai shige. Ga motar mai dubawa har ta iso bakin get.

Mai tsaron gida ne ya sunkuya ya zare igiyar takalminsa. Sauran na gani suka bi sahu. Kafin baƙon ya gama gaisawa da Shugaba, an ɗinke ƙofar da igiyoyi ja da fari da kore, Kaka na jan ƙulli da sauran haƙoranta.

Mutumin ya zaga fili, ya tsaya gaban raga. Ya dube ta, ya dubi takalman yara da suka wage baki.

"Koci, wannan wane kamfani ne?"

"Ranka ya daɗe, ɗinkin gida ne."

Ya ce a ba shi ƙwallo. Ya ja baya, ya narka mata ƙafa iya ƙarfinsa. Raga ta yi ciki, ta dawo, ba ta saki ba.

"Fili ya yi," in ji shi, yana ƙunshe dariya.

Wayyo murna! Yara suka kwasa da gudu, takalma na tashi sama ɗaya bayan ɗaya, Koci na tsakiyarsu yana ihu har muryarsa ta dushe.