Mai Kitso Arba'in a Bangon Kaka

Tun kafin hantsi katafila ta gama da gidaje uku a layin. Saura biyu, na biyun shi ne na Kaka Tursunoy. Takardar da aka manna a ƙofa ta ce a fita kafin azahar.

Jikarta Mohira ta riga ta loda katifu da tukwane a motar kaya. Abu ɗaya ya rage, 'yar tsanar tangaran da ke cikin alkukin ɗakin baƙi. Tsawonta bai wuce tafin hannu ba. Yarinya ce zaune da littafi a cinya, kitso arba'in sun zubo mata har gadon baya, kowanne siriri kamar tsinken ashana.

Kaka ce ta yi mata fenti tun tana budurwa tana aiki a masana'antar tangaran. Ɗari biyu aka gasa, tara kaɗai suka fito daga wuta da kitsonsu, sai manya suka ce daga yau a rufe kan da ɗankwali. Masu ɗankwalin suna kowane gida a Tashkent, ba mai waiwayarsu. Masu kitson kuwa uku kaɗai aka san inda suke, wannan ce ta huɗu.

Shekarar babbar girgizar ƙasa, da komai na ɗakin ya zubo ya tarwatse 'yar tsanar kaɗai ta tsira, marigayi kakan Mohira ya kwaɓa farar ƙasar da ake yi wa bango ado ya dasa ta a alkukin. Rabin unguwa haka suka yi da abin da ya rage musu. Shekara hamsin da ɗoriya ke nan, yarinyar ta zama bango, bangon kuma yau za a rushe shi.

Valijon dillalin tsofaffin kaya yana bin katafilar nan gida-gida kamar balbela a bayan shanu. Ya shigo da 'yar guduma da wani ƙarfe mai faɗin baki, ya leƙa alkukin, ya haɗiye yawu.

"Ƙanwata, bugu ɗaya ne a gindi, ta fito."

"In ta fashe fa, Yaya Valijon?"

Ya ce ko a fashe zai saya, don zumunci. Nan ta gane lissafinsa: fasasshe ya fi arha, shi kuma yana da mai liƙi. Ta ce ya ajiye gudumarsa a waje tare da takalmansa. Ya yi dariya ya ce shekara biyar tana jami'a tana koyon tonon kaburburan mutanen da, yau dai Allah ya kawo mata aikin yi.

Mohira ta juya wajen alkukin. Abin da aka koya mata a shekara biyar ɗin shi ne ba a jan abu daga ƙasa, ƙasar ake janyewa daga jikinsa. Ta naɗe kitson da auduga, ta ɗauko cokali da wuƙar yanka karas da butar ruwan ɗumi. Ta fara jiƙa tubalin da ke ƙarƙashin alkukin tana kankarewa. Aikin awa biyu ne, ita kuwa ba ta da ko ɗaya cikakkiya.

Katafila ta shiga gidan maƙwabta. Duk sanda ta ja da baya ta dawo, bangon sai ya yi rawa, ƙura ta zubo a kan audugar. Wata tsaga ta taso daga kusurwar rufi tana gangarowa. Mohira ta auna ta da ido, ta ƙara ruwa. Tubalin nan an cuɗa shi da ciyawa, ya bushe ya yi taurin ƙashi. Cokalin ya lanƙwashe. Fatar yatsunta ta saɓule, ta ci gaba da wuƙa.

Sai ƙarar ta matso har ƙofarsu. Direban, wani kakkaura mai suna Botir, ya leƙo tsakar gida ya ce don Allah su fito, manyansa na jira.

Kaka ta riga ta shimfiɗa ƙyallen cin abinci a ƙarƙashin inabi. Ba ta roƙe shi komai ba. Ta ɗauki gurasa ta karya a gabansa, ta ce, "Zauna, ɗana."

Ba a tsallake gurasar da aka karya. Botir ya dubi agogo, ya koma ya kashe injin, ya wanke hannu ya zauna. Ta aika kira ga Valijon, shi ma dole ya fito. Ta riƙa zuba musu shayi ɗan kaɗan a gindin kofi yadda ake girmama baƙo, kurɓa biyu ya ƙare, ta sake zubawa. Ta tambayi Botir lafiyar mahaifiyarsa, da ta 'ya'yansa ɗaya bayan ɗaya. Kuma kowa ya sani ba mai tashi daga shimfiɗa sai babba ya yi addu'a an shafa.

Mohira na jin su ta taga. Rami ya buɗe a ƙasan alkukin har hannunta na shiga zuwa gwiwa, amma ta baya tubalin na riƙe. Ta ji Botir yana gyaran murya, yana cewa Kaka ta sa musu albarka. Ta ƙara sauri da wuƙar.

Kaka ta ɗaga hannu, su ma suka ɗaga. Ta fara da mijinta, ta bi iyayenta, ta shiga mamatan layin gida-gida, kowa da sunansa da na ubansa. Wayar Botir ta yi ta kuka a aljihu, hannuwansa na sama ba damar ɗauka. Muryar tsohuwar ta fara dushewa. Da mamatan layinsu suka ƙare ta tsallaka layin masallaci.

Mohira ta zuba sauran ruwan, ta cusa wuƙar ta danna da dukkan ƙarfinta. Dunƙulen ya saki gaba ɗaya, ya fi yadda ta zata nauyi, ya rinjayo. Ta tare shi da ƙirji. Wani abu ya ce ƙas a cikin audugar.

Mohira ta fito ta yi fari fat da ƙura, rungume da guntun bango. Kaka ta hango ta, ta ce amin, aka shafa. Botir ya miƙe da gudu-gudu.

A bayan motar kaya Mohira ta buɗe audugar. Kitso ɗaya ya cire, yana kwance shi kaɗai. Valijon ya leƙo ya girgiza kai, ya ce yanzu rabin darajarta ta tafi, amma shi mai tausayi ne, zai karɓa a haka.

"Ka zo bayan shekara hamsin, Yaya," in ji Mohira. "Wataƙila na gaji da ita."

Kaka ta ɗauki guntun kitson ta kai kusa da ido. Ta ce ai wannan tun ranar girgiza ya karye, ita ta liƙe shi da farin ƙwai, ruwan ɗumi ne ya sake shi.

Mohira ta karɓa ta duba bakin karayar. Fari ne tas kamar gishiri, babu alamar tsufa ko liƙi. Ta dubi kakarta, wadda ta kau da kai tana gyara ɗankwali. Ta ƙulle guntun a bakin mayafinta, ta ɗora dunƙulen a cinya ta riƙe da hannu biyu. A bayansu injin ya tashi. Ta buga jikin motar ta ce wa direba ya tafi a hankali, ya kauce wa ramuka.