Zanen Ruwa a Ƙarƙashin Gada

Tang Yulan tana tsaye gaban allo tana nuna wa masu kamfanin sabulu zanen kwalin da ta yi musu, sai wayarta ta fara rawa a kan tebur. Goggo Fang ce, maƙwabciyar mahaifinta. Da Yulan ta fita baranda ta amsa, matar ta ce ta kai wa mahaifin nata, Malam Tang, kunun shinkafa kamar kullum, ta tarar da ƙofa a buɗe, gida ba kowa. Wayarsa tana kan kujera. A kan tebur kuwa ga allurar ciwon sugansa nan, alamar ya riga ya yi, amma ko ƙwayar abinci bai taɓa ba.

Yulan ba ta koma ɗakin taron ba. Ta sauka ta tari tasi, zafin birnin Chengdu na tsakiyar damina ya rufe ta kamar an yafa mata jiƙaƙƙen bargo. Ta san abin da ke faruwa da mai ciwon suga idan ya yi allura bai ci komai ba, balle tsohon da mantuwa ta fara kamawa, wanda a watan jiya sai 'yan sanda ne suka dawo da shi gida daga wata tashar bas da bai san yadda ya je ba.

A da, Malam Tang sanannen mai zane ne da tawada. Duwatsu yake zanawa, da hazo, da ɗan jirgin ruwa can a gefe, ya bar rabin takarda fari fat. Bayan rasuwar matarsa ya hau dutsen Qingcheng ya zauna wurin masu ibada na addinin Dao na wani lokaci, kuma tun da ya sauko bai sake taɓa takarda ba. Ya ɗaura soso a kan doguwar sanda, kowace safiya ya tafi lambun gari da bokiti, ya yi zane da ruwa a kan daɓen dutse, rana ta fito ta shanye. Yakan ce da zarar hannu ya san abin zai daɗe, sai ya fara tunanin masu kallo, ya tsorata. Yulan, wadda aikinta kullum shi ne gyara layi ɗaya har sai manyan ofis sun yarda, ta ɗauki wannan magana rigimar tsufa.

Makon jiya likita ya ce a hana shi fita cikin wannan zafi. Yulan ta ɗauke sandar da bokitin ta kulle a bayan motar mijinta. Tsohon ya zauna yana kallon bango.

A lambun gari, masu zanen ruwa duk sun watse. Ta samu Kawu Peng, abokin mahaifinta tun ƙuruciya, a rumfar shayi, ya naɗe singileti har saman tumbi yana buga karta.

“Ga mai ƙwace makaman mutane nan,” in ji shi yana dariya. “Ku ɓoye kartarku, jama'a, kada ta haɗa da ita.”

Da ya kalli fuskarta sai ya ajiye kartar. Ya ce lallai Malam Tang ya zo da sassafe, ya roƙi aron buroshi, amma kowa ya hana shi tunda ita ce ta bi su ɗaya bayan ɗaya ta ja musu kunne. Tsohon ya ɗan tsaya, sannan ya fita ta ƙofar kudu. Kawu Peng ya ɗauka gida ya nufa.

“Gidanmu arewa yake, Kawu.”

Kawu Peng ya miƙe yana laluben takalmi da ƙafa. Ya ce zai aika wa dukan tsofaffin lambun saƙo, shi kuma zai bi ta titin haikali, ita ta bi ta kasuwa.

Tana cikin tafiya yayanta Weiguo ya kira daga Shenzhen. Goggo Fang ta riga ta sanar da shi. Ya ce tun bara yake faɗa, ba a saurare shi ba, kuma gidan kula da tsofaffin nan da suka duba yana riƙe musu da gado zuwa ranar Asabar kawai, kada ta sake ja da baya. Yulan ta ce to, to, ta kashe. Idonta yana kan kowane farin kai da ke gabanta. Wani tsoho da ta riƙo wa hannu daga baya ya juyo ya zazzage ta, ta ba shi haƙuri ta wuce.

Kasuwar kayan miya ta fara sakin jiki, masu tebur suna yayyafa wa ganye ruwa. Ta bi layi-layi tana nuna hoton mahaifinta a waya. Wasu ko ɗaga kai ba su yi. Mai awara ce ta karɓi wayar ta matso da ita kusa da ido, ta ce ta gan shi, har ta miƙa masa yanka ɗaya don ta ga leɓensa ya yi fari, ya ce ya ƙoshi. Ta nuna mata teburin mai kifi.

Mai kifin yana ganin hoton ya soke wuƙarsa a katako.

“Babanki ne? To ki ce ya dawo mini da mofata ta goge ƙasa da bokitina. Na juya in ba mutum canji, na waiwayo ya kinkime su ya yi bakin kogi. Na kira shi, ya ɗaga mini hannu kamar ni ne yaron gidansa.”

Yulan ta sayi kwalbar lemo mai zaƙi a bakin kasuwa, ta cire takalmanta masu tsini ta riƙe a hannu, ta gangara matakalar kogin Jin. Daɓen yana ƙona mata tafin ƙafa. Ta dubi ruwan, ya cika ya yi ja saboda ruwan saman da aka yi ta yi, babu shinge a wannan ɓangaren. Ta kawar da kai ba ta sake dubansa ba.

A ƙarƙashin gada ta hango taron mutane: masu kai abinci a babur da suka fake a inuwa, da wasu mata masu shara. Sun yi shiru sun bar fili a tsakiya. Malam Tang yana ciki, rigarsa ta manne masa da gumi, yana jan mofar mai kifi a kan siminti. Ya zana tsauni tun daga gindin wannan ginshiƙi har zuwa wancan. Inda ya danna, duwatsu sun yi baƙi sun yi nauyi. Inda ya ɗaga hannu, zaren mofar ya bar siraran layuka kamar ruwa yana zubowa. Ƙarshen da ya fara da shi ya riga ya soma bushewa, har ya zama kamar hazo ne ya sauko ya rufe shi. Yulan ta girma cikin zane-zanensa, amma ba ta taɓa ganin wanda ya kai wannan ba.

Sai ta lura yana tangaɗi, alamar sugansa ya yi ƙasa.

Ta ratsa mutanen ta riƙe masa gwiwar hannu. “Baba, sha wannan.”

Ya dube ta cikin ladabi, irin kallon da ake yi wa baƙuwa. “Yarinya, kin taka mini kogi.”

Ta ja ƙafarta baya. Ta buɗe kwalbar ta kai masa baki. Ya kurɓa, ya sake kurɓa, sannan ya yarda ta zaunar da shi a gindin ginshiƙi. Wani mai babur ya cire hularsa yana yi masa fifita, wani ya kira motar asibiti.

“Kina zane?” tsohon ya tambaye ta.

“Kaɗan-kaɗan.”

“Ina da 'ya mai zane. Hannunta ya fi nawa, tun tana ƙarama.” Ya ɗan huta. “Sai dai komai ta riƙe, sai ta matse shi. Tsoro take ji. Ni ma ta matse ni.” Ya faɗa ba da fushi ba, har da ɗan murmushi. “Idan kin gan ta, kada ki gaya mata ina nan. Na kusa gamawa.”

Yulan ta zauna kusa da shi a kan simintin, suna kallon tsaunin yana ja da baya, har motar ta iso.

A asibiti aka sa masa ƙarin ruwa. Likita ta ce da an ƙara jimawa kaɗan da sai dai wani labarin, kuma ba zai yiwu ya ci gaba da zama shi kaɗai ba. Yulan ba ta yi musu ba. Ita ma ta sani. Kawu Peng ya iso yana haki, ya tsaya a bakin gadon yana zagin abokinsa ɓarawon mofa. Malam Tang ya buɗe ido ya ce masa tumbinsa ya tare masa iska. Daga nan ya juyo ya kira Yulan da sunanta, ya tambaye ta me ya fito da ita daga ofis da rana tsaka, kuma ina takalmanta.

Ta fita baranda ta kira gidan kula da tsofaffin. Matar da ta ɗauka ta gane ta, ta ce komai a shirye yake, ɗakin ma yana kallon tsakar gida.

“Tsakar gidan,” in ji Yulan, “da me aka daɓe shi?”

Matar ta ce da roba mai taushi, koriya, sabuwa dal, don ko tsoho ya faɗi ba zai ji ciwo ba.

“Babu inda aka bar dutse ko siminti? Ko ɗan lungu?”

“Ko ɗaya, ranki ya daɗe. Mun rufe ko'ina.”

Yulan ta yi mata godiya. Ta ce amma gadon a ba wa wani. Ta san yau Weiguo zai cika mata kunne, ta kuma san gobe sai ta fara yawon neman wani gidan daga farko, ba ta da tabbacin akwai irinsa a garin. Ta kira mijinta ta ce idan ya tashi daga aiki ya biyo ta asibiti, kada ya sauke sandar nan da bokitin daga bayan mota.