Ƙofar da Aka Binne

Ko sallama ban yi ba na banko labulen ɗakin maƙwabcina, takardar zanen a hannuna.

"Mai Zane, ina ƙofata?"

Yana kwance, kwamfutarsa a kan filo, matarsa tana gasa masa ƙafa da ruwan ɗumi. Wata biyu ke nan ciwo ya kayar da shi. Shi ne wanda mai gidan hayarmu ya ba aikin zana yadda za a gyara gidan, magina kuma sun ce abin da suka gani a zane shi za su gina. To a takardarsu, ɗakina ta wajen titi bango ne sumul. Shekara sha tara ta wannan ƙofa nake karɓar markaɗe. In an toshe ta, injina ya zama kayan ado.

Na faɗa masa wannan, har da abin da bai tambaya ba. Ya rantse ya sa ƙofar. Na ce ban yi boko ba, amma ban makance ba.

Ya ce in zauna. Ya juya gidan a allon kwamfutar, ya ɗage rufi, muka leƙa ɗakina. Babu. Sai ya buɗe wani dogon jerin sunaye a gefe, ya ce duk abin da ya taɓa sawa yana nan ko ido bai gan shi ba. Yana karantowa: taga, famfo, matakala, ƙofar Masifatu.

"Ƙofar wa?"

"Iya, sunan aiki ne kawai."

Matarsa ta kifa kai a katifa, kafaɗunta na rawa don dariya.

Ya taɓa sunan, ya danna maɓalli ɗaya, hoton ya zabura. Ga ƙofata tsaye ita kaɗai can ƙarƙashin harsashin gini. Ashe ranar da yake jan ta hannunsa ya yi rawa, ta zarce ƙasa bai lura ba.

"Da raina ka binne mini ƙofa," na ce.

Ya yi dariya har tari ya sarƙe shi. Yatsunsa sun ƙi, don haka ya ɗora nawa a kan kwamfutar, ya ce in kama shuɗiyar kibiyar nan in ja sama. Na ja da haushi. Ƙofa ta huda rufi ta tsaya a sararin sama. Ya ce yanzu sai tsuntsaye su kawo markaɗe. Da muka gama dariya ya rubuta sifili a gurbin tsawo, ta sauko ta zauna daram a bangona. Ban tashi ba sai da ya tura wa magina sabon zanen.

Bayan kwana uku, da hantsi, matarsa ta leƙo ta ce ya cika.

Ranar da magina suka kafa ƙofar ban tada inji ba. Bokitan markaɗe uku na jere a bakinta, siminti bai gama bushewa ba.