Ƙwan Zinariya

Kada wanda ya sake ce mini ai kaza ce kawai. Na sha jin haka a kasuwar Treichville inda nake sayar da atamfa, kuma har yau akwai waɗanda ba na amsa gaisuwarsu da daɗi.

Inna ta zo nan Abijan daga Tawa ta Nijar da kaza ɗaya a kwando, shekara talatin ba ta bari irin ya yanke ba. Ta rasu a ƙarshen 1983. Ko arba'in ba a yi ba, ciwo ya bi kajin ɗaya bayan ɗaya. Zinariya ce ta rage, 'yar lelen Inna, tana kwance kan ƙwai biyar. Ran kwana na goma sha bakwai da fara kwancinta na iske ta a sandare.

Na ƙulle ƙwayayen a cikin rigata, na shiga bas zuwa unguwar Adjamé wurin ƙanena Fatihu, mai aiki a gidan ƙyanƙyasar kaji. Ya rufe taga, ya haska su da tocila. Huɗu shiru. Na biyar, sai ga inuwa tana motsi.

"Yaya, wannan yana da rai, amma ya sha sanyi, ba shi da ƙarfi," in ji shi. Ya ce akwai abin da suke gwadawa a wurin aiki. Washegari ya zo gida da allura, ya tafasa ta, ya huda ƙwan ta faffaɗan kansa, ya tura ruwan sukari da bitamin ɗan mitsitsi, ya toshe da kakin kyandir.

"Shi ke nan. *Ne touche plus*, Yaya Zuwaira. Kada ki sake taɓa wurin, kada ki ƙara masa komai."

"Kai, yaron nan! Ni na goye ka, ni za ka koya wa raino?"

Ya haɗa mini akwati da ƙwan fitila a ciki. To, shekarar ce ake ɗauke wuta kullum saboda fari, don haka a ƙirjina ƙwan ya fi zama. Ban fita kasuwa ba.

Akwai abin da Fatihu bai sani ba. Lokacin da ɓarin jikin Inna ya shanye, likita ya ce kada a ba ta komai ta baki, ba ta iya haɗiya. Ni kuwa ina kallon leɓenta a bushe, idonta yana bina. Da kowa ya fita, na ba ta kunu cokali biyu. Ta sarƙe. Kwana uku ƙirjinta yana ƙugi, ta cika. Aka yi ta ce mini sannu da ɗawainiya.

Ran kwana na ashirin, bayan azahar, na ji shi. Tsiy, tsiy, can cikin ɓawo. Wallahi sai da na yi kuka. Amma kukan nasa ƙanƙane ne, yana yi yana tsayawa. Na ce yunwa ce. Allurar tana nan cikin kwano inda Fatihu ya bar ta. Na dama sukari, na kankare kakin, na tura a hankali, har ina lallashinsa.

Ya yi tsiy sau ɗaya. Na kara ƙwan a kunnena har aka kira la'asar a babban masallaci, ban ƙara jin komai ba.

Da Fatihu ya zo, ya dubi kakin, ya dubi kwanon. Ya ɓare ƙwan da farce. Ɗan tsako ne cikakke, ja-ja kamar uwarsa, bakinsa ya leƙo cikin ɗan kogon iskan nan na saman ƙwai, daidai inda na zuba ruwan.

Ni mai baki, na jira ya yi faɗa in rama. Bai yi ba.

"Ba yunwa yake ji ba, Yaya. Numfashi yake koya."

Na zauna a ƙasa. Na ce, "Fatihu, zauna. Akwai maganar Inna."

Ya saurara har ƙarshe, ya ce Allah ya yafe mana baki ɗaya, ya binne tsakon a gindin mangwaro. Shi ya yafe. Amma ni, ko a tsakiyar hayaniyar kasuwa, ina auna wa mutum atamfa, sai in ji tsiy, tsiy daga cikin rigata. Sai in tsaya cak, in rungume hannuna, ban taɓa komai ba.