Kwalabe Sittin Babu Takarda

Shekara tara ke nan Dogo yana aiki ɗaya a ɗakin bayan shagon Likita. Zai ɗiga ɗigo ɗaya na magani cikin ɗigo casa'in da tara na ruwa, ya buga kwalbar sau goma a kan wani matashin fata, ya ɗebi ɗigo daga nan ya zuba a sabon ruwa, haka har sau talatin. Likita, wanda ba a taɓa ganin takardar likitancinsa ba, yana kiran abin homiyofati, kuma a cewarsa iya surki iya ƙarfi.

Ranar Litinin bututun ruwan sama ya fashe, ya wanke takardun jikin kwalabe sittin. Talatin maganin rashin barci ne, talatin kuwa ruwan ɗauraya zalla. Likita ya ce laifin Dogo ne da ya jera su a kanta ɗaya. Ya ce ya raba su kafin Alhamis, ko ya nemi wani aikin.

Dogo ya sansana, ya lasa, ya ɗaga kowacce a hasken taga. Ya ba kyanwar maƙwabta daga kwalba ta farko, ta yi barci. Ya ba ta daga ta biyu, ta yi barci. Da bai ba ta komai ba ma barcin ta yi.

Da abin ya ci tura, ya kinkimi kwalaben a kwali zuwa wurin ƙanwarsa Auta, mai aikin gwaji a asibiti. Wuni guda ta yi tana auna su, ta fito ta ce duka ruwa ne. Ta yi masa bayanin cewa daga surki na goma sha biyu da wuya a sami ko ƙwayar zarra ta maganin a ciki, kuma manyan bincike sun gwada irinsa da ƙwayar sukari, ba a ga wanda ya fi wani ba.

"To shekara taran nan me nake bugawa?"

"Ruwa, Yaya. Amma ka yi damtse, ba laifi."

Ranar Alhamis, ya rufe ido ya tura talatin dama a matsayin magani, talatin hagu a matsayin ruwan ɗauraya.

Likita ya sa tabarau. Ya bi su ɗaya bayan ɗaya, yana ɗiga wa harshensa, yana lumshe ido kamar mai sauraron magana daga nesa. Dogo yana tsaye, gumi ya jiƙe masa riga. A kwalba ta arba'in da ɗaya Likita ya tsaya cak, ya ɗaure fuska, ya musanya ta da wata ta dama.

"Ka ci hamsin da takwas. Harshenka bai gama nuna ba, amma ka zauna."

Dogo ya ce na gode, ranka ya daɗe, ya rungumi na hagun zai zubar. Likita ya damƙe masa hannu. Ya tuna masa cewa watanni suka yi kafaɗa da kafaɗa da magani ba tare da ko ɗigo ya shige su ba, kuma a duniya babu surkin da ya kai wannan. Ya sa Dogo ya rubuta musu "mai ƙarfi, ban da yara", da jan biro.