Tela da Hatimin Silifa

Malam Ishiyaku ya yi shekara talatin da huɗu yana ɗinki a wani ɗan shago da ke kan hanyar kasuwar Rano kafin jinsa ya ɗauke. Zazzaɓi ne ya kwantar da shi mako uku, da ya tashi sai ya tarar duniya ta yi tsit. Kunnen dama ya mutu gaba ɗaya. Na hagu kuwa, sai mutum ya matso har numfashinsa na taɓa shi, ya ɗaga murya, sannan ya tsinci kalma biyu cikin biyar. An kai shi Kano aka sa masa wani ɗan abu a kunne, amma ba ya kawo masa komai sai ƙugi irin na injin niƙa. Ya cire ya jefa a aljihun keken ɗinkinsa.

Da farko mutane sun yi ƙoƙari. Mai kawo ɗinki zai yi ta nuni da hannu, ga yadda yake son wuya, ga inda aljihu zai zauna. Amma bayan an ɓata riga biyu uku, sai suka riƙa zamewa ɗaya bayan ɗaya zuwa wajen samarin teloli. Ba wanda ya yi masa faɗa. Suna wucewa su ɗaga masa hannu, shi ma ya ɗaga.

Akwai majalisar da yake zama bayan la'asar a gindin wata darbejiya. Ya ci gaba da zuwa, yana kallon bakuna, in ya ga an yi dariya shi ma ya yi. Wata rana ya ga wani yana ba da labari yana buga cinya, ya ɗauka abin raha ne, ya ƙyalƙyale da dariya. Sai ya ga duk an juyo ana dubansa. Ashe rasuwar ɗan wani maƙwabci ake faɗa. Tun daga ranar bai sake zama a gindin darbejiyar ba.

A gida, matarsa Maijidda mai haƙuri ce, amma maƙogwaro na gajiya. 'Ya'yansu biyu da ke aiki a nesa sukan bugo waya, ta yi rabin awa tana hira da su tana dariya, in ta gama sai ta matso kunnensa ta ce, "Suna gaishe ka." Shi ke nan rabonsa.

Mutum ɗaya ne bai gaji ba, Alu. Tare suka koyi ɗinki suna samari a hannun maigida ɗaya, sai Alu ya bar keke ya koma noma a Fassi bayan rasuwar mahaifinsa. Mutum ne mai surutu da ƙatuwar murya. Duk ranar kasuwa sai ya shigo shagon, ya ja benci ya zauna ta hagu, ya cusa baki a kunnen abokinsa ya zuba masa labarin taki da na ruwa da na wanda ya yi aure, har masu wucewa su ji.

Wata safiya teburin keken ya dame shi da rawa, ƙafa ɗaya ta fi sauran gajarta. Ishiyaku ya ɗauko wani tsohon silifa da aka yar a bakin shago, ya yanko guntu zai toshe. Hannunsa duk man keke ne, ya shafi robar. Ya ɗora guntun a kan takardar siminti da yake yanka samfurin riga da ita, ya sunkuya ya duba ƙafar teburin. Da ya ɗaga robar sai ya ga ta bar shaida a takardar, layi-layi masu lanƙwasa kamar kunyoyin gona in an hango su daga kan dutse. Ya daɗe yana kallo. Ya ƙara shafa mai ya danna a gefe, ya sake dannawa. Bai farga ba sai da ya ga mutane na wucewa da butoci, azahar ta yi, ga takarda ta cika.

Washegari ya zo da reza. Ya sassaƙa ganye a jikin robar, ya tsoma a tawadar allo, amma tawadar ta ƙi zama, sai zamewa take yi. Ya jiƙa ƙaro ya yi kauri, ya kankaro baƙin gindin tukunya ya haɗa, nan ne ta kama. Ya sassaƙa sunansa ya danna, sunan ya fito a juye, sai an sa madubi za a karanta. Ya yi dariya shi kaɗai, ya sake yanka wani ta baya. Ya gwada shuni. Ya gwada lalle, wanda sai ya kwana biyu yake nuna kansa. Ya dafa zoɓo har ya ƙafe ya yi ja wur, da ya ɗiga masa ruwan kanwa sai ya rikiɗe ya koma wani kore mai duhu da bai taɓa ganin irinsa a yadi ba. Ya gano in ya shafa launi a ganyen zogale na gaske, ya rufe da takarda, ya murza da bayan cokali, har jijiyoyin ganyen suna fitowa. Ragar buhun albasa ma tana da nata zanen.

Takardun suka yi yawa, sai ya daidaita su da almakashi ya bi tsakiyarsu da keke, suka zama littafi mai kauri, ya yi masa bango da ragowar kaki. Kusan kowace rana tana da shafinta. Buhun ƙyallayen da ya tara shekara da shekaru ya zazzage a ƙasa, ya tarar ya san mai kowane ƙyalle. Zai ɗinka guda a tsakiyar shafi, ya zagaye shi da hatimin robar da ya sassaƙa, ya yi ɗan rubutu a ƙasa. A wani shafi ya rubuta: "Ragowar shaddar Alhaji Mukhtar ta sallar bara waccan. Yau ya wuce a babur da sabuwar riga. Wuyan bai zauna ba."

Maijidda tana sayar da zoɓo a gida, ita ta fara lura buhunta na raguwa. Ta bi sawu har shago, ta tarar da shi zaune a ƙasa cikin gwangwanaye da guntayen silifa, yatsunsa baƙi da ja. Ta tsaya ta duba, sannan ta durƙusa ta hagunsa.

"Malam, wannan kuma na mene ne? Sayarwa za a yi?"

"A'a."

"To wa za a ba?"

"Ba kowa. Ina dai yi ne."

Ta buɗe shafi biyu, ta rufe. "Da kyau kam. Amma ka riƙa sakaya ƙofa. Ka san bakin mutane, yanzu sai a ce abin ya taɓa kai."

Ya riƙa sakaya ƙofar. Ko Alu bai nuna wa ba. Duk ranar kasuwa sai ya tattara kayan ya tura ƙarƙashin tebur, ya wanke hannu da toka kafin abokin ya iso, don yana jin nauyin a ga dattijo kamarsa na wasa da silifa.

Tsakiyar damina Alu ya daina zuwa. Kasuwa ɗaya ta wuce, ta biyu, ta uku. Ishiyaku ya ce ko aikin gona ne. Sai wata rana Maijidda ta dawo daga unguwa ta ce masa ta haɗu da wata 'yar Fassi, wai Alu ya faɗi a gona, ɓarin jikinsa ya shanye, baki ma ya ƙi.

Da safe ya sa littafin a jaka, bai ma san dalilin ɗaukarsa ba. Ya shiga mota zuwa Kibiya, daga nan ya hau acaɓa. Dawa ta yi tsayi ta rufe hanya dama da hagu, ɗan acaɓan na ta magana yana waiwayowa, shi kuwa sai gyaɗa kai yake yi.

'Yar Alu, Fatima Zahra'u, wadda ta dawo gida jinyar mahaifinta, ita ta tarbe shi ta kai shi ɗakin. Alu na kishingiɗe a katifa an tokare shi da matashi. Ya rame, bakin ya karkace, hannun dama na kwance a cinya kamar ba nasa ba. Da ya ga Ishiyaku sai leɓunansa suka yi ta motsi. Ishiyaku ya matsa, ya kara kunnen hagu kamar yadda suka saba. Ba abin da ya ji sai ɗumin numfashi.

Ya yi masa sannu, ya yi addu'a, ya tambayi gona ya ba kansa amsa. Bai sani ba ko ihu yake yi ko raɗa. Can magana ta ƙare masa. Suka zauna suna kallon juna, ƙuda na yawo a tsakaninsu. Don dai kada ya tashi da wuri, sai ya jawo jakar.

"Akwai wani shirme da nake yi," in ji shi. "Ban taɓa nuna maka ba."

Ya ɗora littafin a cinyar Alu. Alu ya sa hannun hagu ya buɗe da ƙyar. Ya kalli shafin farko, ya ɗago ya kalli abokinsa, ya koma. A hankali yake buɗewa, yana shafa ƙyallayen da yatsa. Ya zo kan wani shuɗin yadi mai ratsin fari sai ya tsaya, ya buga ƙirjinsa da yatsa sau biyu.

"Ƙyallen rigarka ne," in ji Ishiyaku. "Wadda ka ce na matse maka hammata."

Rabin fuskar Alu ya yi dariya. Ishiyaku bai ji sautin ba, amma kafaɗarsu na haɗe, ya ji yadda jikin ke girgiza.

Akwai hatimi ɗaya a aljihunsa, na zabuwa, da ɗan gwangwanin shuni. Ya buɗe shafin da ba komai, ya shafa wa hatimin launi, ya sa wa Alu a hannu. Hannun na rawa, hatimin ya zame, zabuwar ta fito da wuya biyu. Alu ya miƙo hannu a ƙara masa. Sai da ya buga bakwai, wasu a kan wasu, gumi na tsattsafo masa a goshi. Da Fatima Zahra'u ta shigo da kwanon fura ta ga hannun mahaifinta ya yi shuɗi, ta tsaya. Ta zagayo ta hagun baƙon ta ɗaga murya.

"Baba, tun da ya kwanta bai riƙe komai da kansa ba, ko cokali."

"Zan dawo nan da mako biyu," in ji Ishiyaku. "Zan yi masa manya, masu mariƙi."

Kwanakin da suka biyo baya bai sakaya ƙofa ba, bai ma tuna ba. Ya samo silifa masu kauri, ya sassaƙa sa mai tozo, da zangarniyar gero, da keken ɗinki irin na maigidansu na da. Ya kai wa kafinta ya nuna masa da hannu, aka manna wa kowane guntun katako mai kama da muciya ƙarama, yadda hannu ɗaya zai riƙe. Ya ɗinka wani littafin daban, ɗan ƙarami, ya bar shi fari. Sai ruwa ya sauko kwana da kwanaki, 'yan acaɓa suka ce hanyar ta yanke. Sai da aka shiga mako na huɗu ya samu tafiya.

Ya tarar da ɗakin a buɗe, an naɗe katifar an jingine ta da bango. Ya tsaya cak a bakin ƙofa. Fatima Zahra'u ta fito da sauri tana kaɗa hannu alamar ba abin da yake tsammani ba ne. Ta matso kunnensa na hagu.

"Yaya Tajuddeen ne ya zo ya tafi da shi Kaduna, shekaranjiya. Wai can akwai masu gashin ƙashi."

"Yaushe za su dawo?"

"Bai ce ba, Baba."

Ya tsaya riƙe da jakar. Ta kawo masa tabarma, ya zauna a ƙofar ɗakin ya sha ruwa. Bayan ɗan lokaci ya miƙa mata jakar, ya nuna mata yadda ake dama launin da ƙaro, kada ya yi ruwa-ruwa. Ta ce in sha Allahu za ta ba mai zuwa Kaduna. Ya koma bakin hanya ya jira abin hawa fiye da awa guda.

Alu bai dawo Fassi ba. Bayan an gama yankan dawa labari ya zo ya rasu a can, can kuma aka binne shi. Ishiyaku da Maijidda suka je Fassi gaisuwa. Ya zauna a cikin maza a ƙofar gida, yana ɗaga hannu in ya ga an ɗaga, yana shafawa in an shafa. Tajuddeen ya zo ya durƙusa ya gaishe shi, ya faɗi wata magana mai tsawo da bai tsinci komai a ciki ba. Ya so ya tambayi jakar, ya ga ba wurinta ba ne.

A mota suna komowa, Maijidda ta matso kunnensa.

"Fatima ta ce in faɗa maka kayan sun isa. Wai ya cika littafin, ya koma buga wa zanen gado, har matar Tajuddeen ta gaji da wanki."

"Wanne ya fi bugawa?"

"Ban tambaya ba, Malam."

Ya juya ya kalli taga. An share gonaki, an tattara kara an jingine, shanun Fulani sun shiga suna kiwo. Da suka iso Rano ya ce ta wuce gida, shi zai leƙa shago. Ya buɗe, ya zauna a kan kujerar keke, bai taɓa komai ba har rana ta yi sanyi. Wata mata ta leƙo da wandon makarantar ɗanta ya yage a gwiwa, ta nuna masa wurin da yatsa. Ya karɓa, ya nemo zare mai kalarsa, ya ce ta zauna ta jira, ba zai daɗe ba.